Amsoshin Tambayoyinku: Daga Yamai zuwa Guwanzu, kilomita nawa ne ta sama?

Jama'a masu saurarenmu a Damagaram da kewaye, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardun da muka ware na wannan mako duka sun taru a kan abu guda, wato nisan da ke tsakanin manyan filayen jiragen sama na duniya, kuma za mu fara da wadda ta fi tsawo, wadda wani Alhaji mai sayar da kayan wayar salula a kasuwar Dole ya aiko mana.

Bayan gaisuwa, Alhaji ya ce shekara da shekaru yana sarin kaya ta hannun wani ubangidansa na Kano, bana kuma ya ƙudura niyyar zuwa ƙasar Sin da ƙafarsa, birnin Guwanzu, wanda ake rubutawa Guangzhou a jikin tikiti. Ya sa ɗansa ya duba masa a waya nisan da ke tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da filin Baiyun na Guwanzu, sai yaron ya kawo masa lambobi uku da ba su yi kama da juna ba, ɗaya 11,500, ɗaya 7,100, ɗaya kuma 6,200. Da ya je wurin mai sayar da tikiti, aka ba shi zaɓi biyu, ko ya bi ta Adis Ababa ko ya bi ta Istanbul, shi kuwa da ya koma gida ya dubi taswirar da ke rataye a ɗakin yaransa, sai ya ga Istanbul can sama take a bakin Turai, alhali Sin tana gabas. Tambayarsa ita ce, wace lamba ce ta gaskiya, kuma ashe ba wahala da ɓata lokaci ba ne mutum ya hau har Turkiyya alhali Sin ya nufa?

To Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka, domin bai yi kuskure ko a ɗaya ba. Lambobin nan uku nisa guda suke faɗa, mudun awon ne ya bambanta, kamar yadda buhun hatsi guda zai ba da lissafi daban idan an auna shi da tiya, daban kuma idan an auna da ƙaramin kwano. Ta farko kilomita ce, wadda muka saba da ita a kan hanyoyinmu. Ta biyu mil ne irin na Ingila da Amurka, wanda kowane ɗaya yake daidai da mita 1,609. Ta uku kuwa mil ne na teku, mai mita 1,852, kuma shi ne matuƙan jiragen sama da na ruwa suke aiki da shi a ko'ina. Saboda haka nisan da ke tsakanin Yamai da Guwanzu kilomita 11,500 ne, ko ƙasa da haka kaɗan, kuma idan kana son ka ji nauyin lambar a jikinka, ka tuna cewa daga nan Damagaram zuwa Yamai a mota kusan kilomita 900 ne, wato tafiyar taka ta yi daidai da shiga motar Yamai sau goma sha uku a jere.

Mil ɗin teku ba a banza ya zo da wannan lamba mai wuyar riƙewa ba. Masu ilimin ƙasa sun raba zagayen duniya zuwa digiri 360, kowane digiri kuma suka raba shi kashi 60, to kashi ɗaya daga cikin sittin ɗin nan shi ne mil na teku. Idan ka ninka 360 da 60, sannan ka ninka abin da ya fito da mita 1,852, za ka samu kilomita 40,000 da ƴan kai, wanda shi ne zagayen duniya baki ɗaya. Daga nan ake gane cewa digiri guda kimanin kilomita 111 ne, kuma awon wannan digiri tsohon aiki ne, domin Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana taurari filin Sinjar wajen shekarar 830 suka auna shi da igiya da kallon sama, abin da suka samu kuma bai yi nisa da na yau ba. Da kwamfuta za ta lissafa maka nisan Yamai da Guwanzu, abin da take yi shi ne ta ɗauki matsayin kowane fili a kan duniya, ta nemo kusurwar da ke tsakaninsu idan an auna daga tsakiyar ƙasa, wadda a nan ta kai digiri 103 da ɗan ɗori, sannan ta ninka da 111. Idan ka ga wani wuri ya ce 11,480 wani ya ce 11,490, kada ka damu, dalilin shi ne duniya ba ta cika zagaye kamar ƙwallo ba, ta ɗan daɓe a sama da ƙasa da kimanin kilomita 43, wasu masu lissafin suna sa wannan a ciki, wasu kuma suna barinsa.

Yanzu sai batun Istanbul, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan takardar, kuma a nan taswirar bango ce ta yaudare ka, Alhaji, kamar yadda ta yaudari kowannenmu tun muna ƴan makaranta. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma duk wanda ya taɓa ɓare lemo ya nemi ya shimfiɗa ɓawon a kan tebur ya san sai ya yage ko ya miƙe. Irin taswirar da ta fi yawa a azuzuwa ta samo asali daga wani masani mai suna Mercator, wanda ya fitar da ita a 1569 domin amfanin masu tuƙin jirgin ruwa, kuma dabarar da ya yi ita ce ya buɗe ƙasashen arewa da na kudu mai nisa, ya faɗaɗa su fiye da girmansu. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa a taswira kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau goma sha huɗu. Duk abin da ke arewa, taswirar tana nuna shi da nisa da girma fiye da yadda Allah ya ajiye shi.

Ga gwajin da za ka iya yi yau da dare bayan sallar isha, kai da yaron. Ka sayi kankana mai kyan zagaye, ka riƙe ta wajen hancinta yana kallon sama, ka zana mata ɗamara a tsakiya da biro. Ka soka tsinken ashana ɗaya ɗan sama da ɗamarar, wannan Yamai ke nan, sannan ka juya kankanar fiye da rubu'in zagayenta ka soka na biyu, shi ma sama da ɗamarar amma ya ɗan fi na farko hawa, wannan Guwanzu. Sai ka ɗauko zaren ɗinki ka ɗaura a tsinken farko, ka ja shi zuwa na biyu har ya yi tauri a jikin ɓawon. Za ka ga zaren ya ƙi bin ɗamarar, ya karkata ta wajen hancin kankanar, ya yi sama da tsinkayen biyu a tsakiyar tafiyarsa, sannan ya sauko. Idan ka matsa shi da yatsa ka mai da shi inda idonka yake cewa nan ne miƙaƙƙe, sai ka ga zaren ya gaza, yana neman ƙari. Wannan layin da zare ya zaɓa da kansa shi ne mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bayan ƙasa, masana suna kiransa babbar da'ira, mu kuwa a wannan fili bari mu kira shi hanyar zare.

Idan aka ja zaren daga Yamai zuwa Guwanzu a kan duniyar gaske, ba gabas sak yake fita ba, arewa maso gabas yake nufa. Yana wucewa kudu da Agadas kaɗan, ya bi ta kan Bilma, ya tsallaka arewacin Cadi da ƙuryar Libiya, ya ƙetare kogin Nilu a kudancin Masar, ya haye Bahar Maliya zuwa arewacin Saudiyya, ya bi ta Kuwait da kudancin Iran, ya kai ƙololuwarsa wajen iyakar Afganistan da Pakistan, sannan ya fara gangarowa ta arewacin Indiya da tudun Tibet har ya sauka kudancin Sin. Da zarar ka san haka, Istanbul ta daina zama bauɗiya mai yawa. Daga Yamai zuwa Istanbul kimanin kilomita 4,000 ne, daga Istanbul zuwa Guwanzu kimanin 7,900, jimla 11,900. Ta Adis Ababa kuwa, wadda a taswirar bango take kamar tana bisa hanya, zangon farko shi ma kimanin 4,000 ne, na biyu kuma ya ɗan haura 8,000, jimla ta zarce 12,000 kaɗan. Ka ga ke nan hanyar da kake gudu ita ce ma ta fi gajarta, ko da yake da abin da bai kai kilomita 200 ba, tafiyar da jirgi yake cinyewa cikin ƙasa da rubu'in sa'a.

Akwai wani abin mamaki da na ci karo da shi ina wannan lissafi, wanda ban iya wuce shi ba tare da na faɗa muku ba. Yamai tana zaune kusan daidai wa daida daga manyan filaye huɗu da mutanenmu suka fi sani, domin Paris, da Istanbul, da Jidda, da Adis Ababa, kowannensu kimanin kilomita 4,000 yake daga filin Diori Hamani, na Paris ne kawai ya gaza da kamar hamsin. Wanda ya tafi karatu Faransa, da wanda ya tafi sarin kaya Turkiyya, da wanda ya tafi Umra, nisa guda suka yi, fuska ce kowa ya juya daban.

Sai dai kuma, Alhaji, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Lambar 11,500 awon zare ce, kuma babu jirgin fasinja da ke tashi daga Yamai ya dire Guwanzu kai tsaye, ko da akwai shi ma ba zai bi zaren sau da ƙafa ba. Sama tana da hanyoyinta da mararrabanta kamar ƙasa, kuma kowane yanki yana da masu kula da shi, a wajenmu hukumar ASECNA ce, wadda aka kafa a 1959, mai hedikwata a Dakar, wadda kuma take da makarantar horar da ma'aikatanta a Yamai. Ban da wannan, yawancin jiragen nesa suna kauce wa tsakiyar tudun Tibet, dalili kuwa shi ne idan iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zube, ƙa'ida ita ce matuƙi ya sauko da sauri zuwa kimanin mita 3,000, inda mutum zai iya numfashi ba da na'ura ba, tudun Tibet kuwa shi kansa ya haura mita 4,000, babu wurin saukowa. Shi ya sa jirgin Istanbul yake bi ta tsakiyar Asiya ya shiga Sin ta arewa maso yamma, na Adis Ababa kuma yake ƙetare tekun Larabawa da Indiya da Bama. Kowannensu yana cin kimanin sa'a goma, zangon farko daga Yamai kuma sa'a biyar da rabi zuwa shida idan jirgin bai biya wani gari ya ɗauki fasinja ba.

Shawarata ita ce kada ka tsaya auna kilomita wajen zaɓen tikiti, domin bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da zai gajiyar da kai ko ya hutar da kai shi ne yawan sa'o'in da za ka zauna jira a filin tsakiya, da kilo nawa na kaya aka yarje maka, wanda ga ɗan kasuwa ya fi komai, da ko jirgin yana tsayawa wani wuri kafin ya miƙe. Kuma idan ka karɓi tikitin kada lokutan da ke jiki su ruɗe ka, domin kowane lokaci da agogon garinsa aka rubuta shi. Habasha da Turkiyya suna gabanmu da sa'a biyu, Sin tana gabanmu da sa'a bakwai. Idan, a misali, ka ga an rubuta tashi daga Adis Ababa ƙarfe goma sha biyu na dare, sauka Guwanzu ƙarfe uku na rana, ba sa'a goma sha biyar za ka yi a sama ba, goma za ka yi, biyar ɗin agogo ne ya ci su, kuma zai mayar maka da su ranar dawowa. Abu na ƙarshe, wanda na san zai ɗan sosa maka rai, shi ne daga nan Damagaram zuwa Guwanzu awon zare kimanin kilomita 10,800 ne, wato duk wahalar da za ka sha a motar Yamai nisanta ka take yi da inda za ka da kusan kilomita 700. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.

Takarda ta biyu daga Mirriya take, wata Hajiya ce ta sa jikarta ta rubuto. Ta ce ta sauke farali shekarun baya, kuma ba ta manta ba tsakanin tashi da sauka Jidda bai fi sa'a biyar da ɗan abu ba, amma ƙanenta da ya tafi a 2023 ya dawo yana cewa sun daɗe a sama fiye da haka nesa ba kusa ba, har gardama ta shiga tsakaninsu. Tana son a raba musu.

Hajiya, Allah ya maimaita mana, ke da ƙanenki duk kuna da gaskiya. Jidda ba ta matsa ba, daga Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz har yanzu kimanin kilomita 4,000 ne, daga Kano kimanin 3,400, daga nan Damagaram kuma kimanin 3,300. Jirgin da ke tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a sa'a, idan an haɗa da lokacin hawa da na saukowa, zai cinye ta Yamai cikin abin da kika faɗa. Amma zaren da ya tashi daga Yamai ya nufi Jidda yana wucewa arewa da Tanut kaɗan, ya ratsa Cadi, sannan ya bi ta arewacin Sudan kafin ya kai Bahar Maliya, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jiragen Afirka ta Yamma suka yi zagaye, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha, ko ta arewa su bi ta Masar, hanya ta ƙaru, man da ake sha ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya ji a jikinsa. Irin haka ta faru da sararinmu na Nijar da aka rufe ranar 6 ga Agustan 2023 har zuwa farkon Satumba, inda jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, waɗanda da yawansu ta kanmu suke wucewa muna barci, suka koma zagaye ta bakin teku. A can arewa ma, tun da aka hana jiragen Turai bin sararin Rasha a Fabrairun 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo da take cin sa'a tara da ɗan abu ta koma kimanin goma sha uku.

Tun da an ambaci Makka, yana da kyau masu saurare su sani cewa hanyar zaren nan ita ce dai alƙibla. Mu a nan muna cewa mun fuskanci gabas, amma alƙiblar Damagaram ta karkata arewa da gabas sak da kusan digiri 19, kuma malaman Musulunci irin su Albiruni, wanda ya rayu shekara dubu da suka wuce, sun yi zurfi a lissafin dunƙulalliyar ƙasa ne saboda neman wannan fuska. A birnin New York masallatai arewa maso gabas suke kallo, ko da yake a taswirar bango Makka tana kudu da su, kuma matuƙin da zai tashi daga can zuwa Jidda wajen da liman ya fuskanta shi ma zai fara juya hancin jirginsa.

Wani malamin makarantar firamare daga Magarya ya yi tambaya gajera, ya ce me ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai a sa'o'i alhali nisan guda ne. Malam, iska ce. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 inda jirage suke tafiya, akwai wasu kogunan iska masu gudu daga yamma zuwa gabas, waɗanda sau da yawa suke haura kilomita 200 a sa'a, musamman lokacin sanyi. Daga New York zuwa Landan kilomita 5,540 ne ko ta wace fuska aka auna, amma mai zuwa Landan yakan yi kimanin sa'a bakwai, mai komawa New York kuma kusan takwas, domin na farko iska tana tura shi, na biyu kuwa ƙirji yake ba ta. A Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa, jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yi wannan tafiya cikin sa'a 4 da minti 56. Saboda haka matuƙa sukan bar hanyar zare da gangan, su ƙara nisa domin su hau bayan iskar ko su kauce mata, kuma su riga wanda ya bi gajeriyar hanya isa. A namu yankin lamarin yakan juya da damina, lokacin da iskar can ƙololuwa take busowa daga gabas, ta taimaki mai dawowa gida.

Takarda ta ƙarshe ta wani ɗalibi ce daga unguwar Birni, mai shirin jarrabawar ƙarshen sakandare, kuma tambayoyi biyu ya haɗa. Yana son ya san tafiyar jirgin fasinja mafi tsawo a duniya ba tare da tsayawa ba, sannan wane filin jirgi ne ya fi kowane nisa daga Damagaram.

Ɗana, tafiyar da ta yi suna a wannan fage ita ce ta kamfanin Singapore Airlines tsakanin filin Changi na Singafo da filin Kennedy na New York, wadda aka fara a Nuwamban 2020, mai nisan kilomita 15,349 a awon zare, kuma tana cin sa'a goma sha takwas da ɗori. Jirgin da ke yin ta ƙirar Airbus A350 ne da aka ƙara wa wurin mai har yana ɗaukar lita 165,000, wato idan ka ɗauka tankin mota irin waɗanda muke gani a hanyar matatar SORAZ yana cin lita 40,000, jirgin yana shanye huɗu ya nemi ƙari. Kujerunsa kuwa 161 ne kawai, a jirgin da a wasu kamfanoni yake ɗaukar mutum fiye da 300, domin a tafiya irin wannan jirgi yana ƙona mai ne don ya ɗauki man da zai ƙona nan gaba, kuma kowane kilo da aka ba mai an hana shi fasinja da kaya. Wannan ne ya sa ba a buɗe doguwar hanya sai tsakanin garuruwan da ke da masu biyan kujera mai tsada kowace rana, shi ne kuma amsar wanda zai ce me ya hana a sa wa Alhajinmu jirgi daga Yamai zuwa Guwanzu, tun da jiragen zamani suna iya cin kilomita 11,500 cikin sauƙi. A da can ƙarfin jirgin ne ba ya kaiwa. A 1947 jirgin Qantas daga Sidni zuwa Landan kwana huɗu yake yi, yana yada zango a Darwin da Singafo da Kalkata da Karaci da Alƙahira da Tarabulus, sai a Maris na 2018 aka fara haɗa Ostireliya da Ingila a tashi guda, daga Perth zuwa Landan, kusan kilomita 14,500. Maƙwabciyarmu Kano ma, inda jirage suka fara sauka a 1925, ta ci moriyar wancan zamani, domin shekaru da dama ita ce wurin shan mai na jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Tambayarka ta biyu kuwa ta fi ba ni daɗi. Tun da zagayen duniya kilomita 40,000 ne, babu wurare biyu a bayan ƙasa da za su wuce rabin haka nisa, wato kimanin 20,000, kuma wurin da ya fi nisa daga kowane gari shi ne wanda ke daidai ƙarƙashin ƙafarsa, inda tsinke zai ɓullo idan an soka shi ya bi ta tsakiyar kankana. Yawancin garuruwan duniya idan an yi musu haka cikin teku tsinken yake fita, Yamai ma haka, amma Damagaram tana cikin ƴan ƙalilan da ke da maƙwabta a ƙarƙashinsu. Muna kusan digiri 14 arewa da ɗamarar duniya, digiri 9 gabas, kishiyar wannan wuri kuwa shi ne kusan digiri 14 kudu, 171 yamma, a tsakiyar tekun Fasifik, tsakanin tsibiran Samowa. Filin jirgin Pago Pago, a ɓangaren Samowa da ke ƙarƙashin Amurka, yana nesa da namu filin da kimanin kilomita 19,900, kuma kishiyarsa tana arewa maso gabashin garin nan da kamar kilomita 70. Filin Faleolo na ƙasar Samowa mai cin gashin kanta, wadda babban birninta Apiya, shi ma kusan nisan ke nan, kuma masu saurarenmu na Tasawa su sani cewa kusan a ƙarƙashin gonakinsu na arewacin gari yake.

A irin wannan nisa hanyar zare ta daina zama guda, domin ko gabas matuƙi ya fuskanta, ko yamma, ko ya bi ta ƙanƙarar arewa, ko ta kudu, bambancin kaɗan ne, kuma da gudun jirgin fasinja tafiyar za ta ci kusan kwana guda cur. An taɓa gwada abin da ya fi haka, a Nuwamban 2005, lokacin da wani Boeing 777 ya tashi daga Hong Kong ya bi ta gabas, ya ƙetare Fasifik da Amurka da Atilantika ya sauka Landan bayan kilomita 21,601 da sa'a 22 da minti 42, amma mutum 35 kawai ya ɗauka, gwaji ne ba haya ba. Tsakaninmu da mutanen Samowa sa'a goma sha biyu ce daidai, sai dai layin da ake canza kwanan wata ya ratsa tsakanin tsibiran nasu, tun da ƙasar Samowa ta tsallake ranar 30 ga Disamban 2011 ta koma ɓangaren Ostireliya. Idan agogon Damagaram ya buga sha biyun rana ran Juma'a, mutane suna ta haramar masallaci, a filayen biyu sha biyun dare ne, amma a Faleolo Asabar ce take shigowa, a Pago Pago kuwa, wanda bai kai kilomita 200 daga can ba, yanzu ne Juma'ar take farawa.

Sauran takardun da suka iso a makare, ciki har da ta wani bawan Allah daga Gure da ke tambaya a kan kuɗin kilon kaya, za mu ɗauke su mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.